Shekara Talatin da Shida a Gefen Gimbiya

Ƙarfe bakwai da kwata na safe Casilda Bermejo take kulle ƙofarta a unguwar Vallecas. Ta sauko matakala hawa huɗu, takalman aiki a cikin leda, ta faɗa jirgin ƙarƙashin ƙasa. Ko da kujeru ba kowa, ba ta zama. In ka tambaye ta dalili, sai ta ce ƙafar da za ta yini a tsaye gara ta san matsayinta tun da sassafe. Tana sauka sai shagon Higinio, ta sha kofi da madara, ta ci gasasshen burodi mai tumatir da man zaitun, su taɓa musu a kan ƙwallo, ita da ba ta taɓa kallon wasa ɗaya har ƙarshe ba. Daga nan ta bi ƙofar ma'aikata ta babban gidan adana zane-zane na Madrid, ta sauya kaya, ta haye sama. Goma saura kwata tana tsaye a babban ɗakin nan ita kaɗai, kafin a buɗe wa jama'a. Sai ta ɗan rusuna wa bango ta ce, "Barka da asuba, ranki ya daɗe. An tashi lafiya?"

Haka ta yi shekara talatin da shida. Ranar Juma'ar da ta wuce ta ajiye aiki, ba jaridar da ta sani. Ni Nicanor, da na shekara ashirin da biyu ina karɓar laima da jakunkunan baƙi a bakin ƙofar gidan, na ga bai kamata ta tafi shiru ba.

Wadda take gaisarwa yarinya ce 'yar shekara biyar, wadda ta bar duniya fiye da shekara ɗari uku da hamsin. A cikin wani zane take, wanda ya haura mita uku a tsayi. Gimbiya ce a tsakiya, cikin farar riga mai faɗi kamar ƙararrawa. Wata budurwar fada ta durƙusa tana miƙa mata 'yar jar butar ruwa, wata kuma tana rusunawa a ɗaya gefen. Daga dama wata wadanniya ce a tsaye, ga ƙaton kare a kwance yana gyangyaɗi. Daga hagu mai zanen ne da kansa, burushi a hannu, a gaban wani makeken allo da bayansa kawai muke gani. Can a ƙurya akwai ƙaramin madubi, a cikinsa sarki da sarauniya dishi-dishi. Wato su biyun suna tsaye ne daidai inda kai mai kallo kake tsaye, kuma kai idanun mutanen zanen suke duba. Na ga ƙarti sun kai nan, sun ja da baya ba su sani ba.

Ana juya masu gadi daga ɗaki zuwa ɗaki, haka tsarin yake. Amma Casilda kullum sai ta sami wanda za su yi musaya. Ta karɓi ranakun idi na wannan, ta riƙe wa wancan aikin Lahadi, ita dai a bar ta a ɗakin gimbiya. Tun shugabanni suna magana har suka gaji suka ƙyale ta.

Ba ta yi wani karatu mai nisa ba. Tana da shekara goma sha huɗu ta baro ƙauyensu a yankin Soria, ta zo aikatau gidan wani likita. Shi ya sa duk cikin mutanen zanen, budurwar da ta durƙusa ce tata. "Na san ciwon gwiwar nan," in ji ta. "Dubi yadda ta karkata. Ta daɗe a haka, kuma yarinyar ko kallonta ba ta yi." Sauran iliminta kuwa da kunne ta tara shi. Shekara da shekaru manyan malamai suna zuwa da ɗalibansu, masu zagayawa da baƙi suna zuba bayani, ita tana ƙurya hannu a baya, kamar ba ta ji. Ashe kwashewa take yi, tana tankaɗe, tana zubar da dusa.

Wata rana muna cin wainar ƙwai da dankali a ɗakin hutun ma'aikata, na yi kuskuren cewa mutanen zanen nan sun ji daɗin duniya. Ta ajiye cokali.

"Nica, kai fa laima kaɗai ka sani. Ka ga siliki da azurfa ka ɗauka daula ce? Lokacin da aka yi zanen nan masarautar yoyo take kamar tsohon rufi. Yaƙi da Faransa, yaƙi da Fotugal, annoba ta share kusan rabin Sevilla, garin da aka haifi mai zanen. Sarki ya binne matarsa ta fari, ya binne ɗansa mai jiran gado. 'Yar mitsitsiyar nan ita ce fitilar gidan. Ita ma shekara ashirin da ɗaya ta yi ta mutu, a ƙasar da ba tata ba."

"To shi mai zanen fa? Ai shi ya more."

"Ya more me? Bara ne kamar ni da kai. Makullan fada a ƙugunsa, shi ke kula da shimfiɗu da itacen wuta. A zamaninsa mai zane da maƙeri duk ɗaya ne a idon manya. Jan gicciyen da ke ƙirjinsa, alamar girma, sai bayan shekara uku da gama zanen ya samu, aka ƙara masa. Ko shekara bai cika da shi ba ya mutu. Amma ka duba inda ya ajiye kansa, ka duba inda ya ajiye sarki. Shi ga shi a tsaye ƙato, sarki kuwa ɗan hayaƙi a madubi. Kuma sarkin ya gani, ya so abin, ya rataye a ɗakinsa. Ci wainarka, ta huce."

Ke ce wannan, Casilda. Ke ce makarantar da ba ta da allo. Abin da na kasa fahimta a bakin masu digiri, a bakinki na fahimce shi ina tauna dankali.

Abokiyar aikinta Nieves ta ba ni labarin wata rana da wasu samari huɗu suka shigo da alamun sun sha giya tun da rana. Suka tsaya gaban zanen suna nuna wadanniyar, suna ƙyaƙyata dariya. Can suka lura da wata baƙuwa a gefensu, ita ma wadanniya, mai sayar da magani daga Zamora. Ɗayansu ya zunguri ɗan'uwansa ya ce, "Kai, ga ta nan ta sauko daga bango." Matar ta sunkuyar da kai ta juya za ta fita.

Casilda ba ta ɗaga murya ba. Ta tako ta tsaya a gabansu ta ce, "Samari, ku dubi waccan da kuke wa dariya. An kawo ta fada ne don a riƙa yi mata irin abin da kuke yi yanzu. Amma wanda ya zana ta bai yi dariya ba. Ku nuna min mutum ɗaya a zanen nan da ya fi ta tsayawa ƙyam. Shekara ɗari uku da ɗoriya tana kallon irinku, ba ta taɓa sunkuyar da kai ba. Ƙofa tana hagunku." Suka fita sumui-sumui. Baƙuwar ta dawo ta tsaya, ta fi rabin awa suna kallon juna ita da ta cikin zanen. Nieves ta ce ita kam sai da ta shiga bayan ginshiƙi ta share ido.

Amma abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne labarin Don Evaristo Luengo (a nan Don da Doña kamar a ce Malam da Malama ne).

Tsohon tela ne, ƙato mai faɗin kafaɗa, da ke zuwa duk ranar Talata da hularsa a hannu. Ba ya zagaya gidan, ɗakin gimbiya kawai yake nufa. Rigar ce take ɗaure masa kai. Yakan ce wa Casilda, "Doña Casilda, shekara hamsin ina yanka siliki. In ka matsa kusa da hannun rigar nan, ba komai sai fenti da aka shafa kamar da gangan aka ɓata. Ka ja baya taku huɗu, sai ka ji kamar za ka ji ƙarar yadin. Wannan mutumin ba da hannu kaɗai ya yi aiki ba." Ita kuma ta ce, "Ja baya taku huɗun dai, Don Evaristo, takalminka ya kusa igiya."

Shekara goma sha biyu da suka wuce idonsa ya fara mutuwa. Irin ciwon nan ne da ke cin tsakiyar gani ya bar gefe-gefe. Duk abin da ya zuba wa ido sai ya ɓace masa cikin wani baƙin tabo. Bai gaya wa kowa ba. Casilda dai ta lura kullum yana ƙara matsowa, yana ƙanƙance ido.

Ran wata Talata da bazara, ɗakin cike da mutane, tsohon ya miƙa wuya yana neman fuskar gimbiya. Ya ƙara taku ɗaya. Ƙafarsa ta sarƙe da 'yar igiyar da ke raba mutane da bango, ya tafi gaba gadan-gadan, kai da kafaɗa, da nauyinsa na kilo casa'in da wani abu. A gabansa ba komai sai ƙyallen zanen, wanda ya tsira daga gobarar da ta kwana huɗu tana cin tsohuwar fada, ya tsira daga yaƙin basasa.

Casilda ko kafaɗarsa ba ta kai ba. Waɗanda suka gani sun ce ba su san lokacin da ta baro ƙuryarta ba. Ta kutsa tsakaninsa da zanen, ta rungume ƙugunsa, ta karkatar da shi gefe da duk ƙarfinta. Suka zube tare a ƙasa, hannunta na dama a ƙarƙashinsa. Nieves ta ce daga ɗaki na gaba ta ji ƙarar ƙashin. Tsakanin kansa da zanen bai fi taƙi ɗaya ba.

Tana kwance, fuskarta ta yi fari fat, ta ce, "Ya taɓa ta?"

Aka ce, "Bai taɓa ba."

"To ku ɗaga min shi, ya danne min hannu. A hankali! Ku duba kansa tukuna, tsoho ne."

Tsintsiyar hannunta ta karye wuri biyu. Da aka nemi ta ba da bayanin abin da ya faru, ta faɗi gaskiya, ta ƙara da roƙon kada a hana shi shigowa. Ba a hana shi ba. Shi ne ya hana kansa. Talata ɗaya ta wuce, biyu, har biyar, ba Don Evaristo.

Rannan ta zo wurina da hannu a ɗaure rataye a wuya ta ce, "Nica, ɗauko rigarka. Za ka raka ni, ba na iya riƙe ƙarfen jirgi da hannu ɗaya." Muka je har gidansa a unguwar Lavapiés. 'Yarsa ta buɗe mana. Muka same shi zaune kusa da tsohon keken ɗinkinsa, gemu ya tsiro, ya rame.

"Doña Casilda," ya ce, bai ɗago ba, "da wane ido zan dube ki?"

"Da wanda ya rage maka. Me ya hana ka zuwa?"

Ya ce, "Akwai abin da ban taɓa gaya miki ba. Ubana ɗan dako ne a kasuwa, ko sunansa bai iya rubutawa ba. Lokacin yaƙi, da jirage suka fara zubo wa garin nan bama-bamai, aka ɗora zanen a babbar mota za a gudu da shi Valencia. Da aka isa gadar Arganda, akwatin ya fi ƙarafan saman gadar tsawo. Sai da aka sauke shi, mutane suka haye da shi da ƙarfin hannu, cikin sanyin hunturu. Ubana yana cikinsu. A lokacin bai san abin da ke ciki ba, katako kawai ya gani, sai daga baya ya ji. Ina ɗan shekara goma ya riƙo hannuna ya kawo ni ɗakin nan ya ce, zo mu ga abin da ya kusa karya min baya. Da ya gani ya cire hula. Shi jahili ya haye gada da ita lafiya. Ni ɗansa, saura ƙiris in huda ta da kaina. Kuma ko ganinta ba na yi, 'yata. Ina duban fuskarta sai baƙi. Me zan je yi?"

Na ɗauka Casilda za ta rarrashe shi. Ina! Cewa ta yi, "To ka gama? Ni aka karya wa hannu, kai ke zaman makoki? Aske gemun nan. Talata ƙarfe goma sha ɗaya ina jiranka a bakin ƙofa. In ba ka zo ba, na karya hannuna a banza ke nan, kuma ba zan yafe maka ba."

Mai gadi ba ya barin aikinsa ya tsaya hira da baƙo ɗaya, ta san wannan. Don haka da ta warke sai ta mayar da ranar hutunta Talata. Ta sa kayan gida, ta bi layi kamar kowa, ta miƙo min jakarta na ba ta lamba, ta kama hannun tsohon suka hau sama. Ranar hutunta ɗaya tilo, a ɗakin da take yini a tsaye sauran kwanakin mako.

Ranar farko na roƙi wani ya riƙe min wurina, na bi su. Ta tsayar da shi a tsakiyar ɗakin. Ashe ta je ta tambayi likitan da ya ɗaura mata hannu, shi kuma ya haɗa ta da likitan ido. Ta ce, "Kada ka dube ta. Dubi karen."

"Karen kuma? Ni da na zo ganin gimbiya?"

"Don Evaristo, ka cika gardama. Zuba wa karen ido, kada ka motsa."

Ya zuba. Baƙin tabon ya sauka a kan karen, ya haɗiye shi. A gefen idonsa, inda ciwon bai kai ba, wani farin abu ya taso yana sheƙi.

"Wayyo Maryamu," ya ce a hankali. "Ga ta nan. Ga rigar. Doña Casilda, ga ta nan!"

"Rage murya, za ka sa a kore mu," in ji ta, ita kuwa hawaye har haɓa.

Shekara bakwai suna wannan. Da gefen idon ma ya tafi, sai ta koma ba shi zanen da baki, tun daga hasken taga har silin mai duhu. Shi kuma yana gyara mata. "A'a, ba haka ake kiran wannan ɗinkin ba. Ke dai tsaya a kan gadi." Ta ce, "Kai da ba ka gani?" Ya ce, "Na fi ki ganinta." Da ya rasu, 'yarsa ta ce mana har makon ƙarshe yana tambaya ko yau Talata ce.

Ke ce, Casilda, garkuwar da ba ta kai kafaɗar mutum ba. Ke ce kika tare zanen da jikinki, sannan kika waiwaya kika tare mutumin, alhali da kin tsaya a na farkon ma ba wanda zai ce kin gaza. Har yau in sanyi ya sauko hannun nan yana miki tsami, kina ɓoye shi a aljihu don kada mu gani. Muna gani.

Ranar Juma'a, bayan an yanka mata kek an yi tafi, na same ta a ƙuryarta tana kallon mutane suna shigowa. Na ce, "To, Casi, shekara talatin da shida. Ba ki gaji da zane ɗaya ba?"

Ta ce, "Yi shiru ka saurara." Wasu baƙi kusan ashirin suka shigo da hayaniyarsu, kowa na magana. Suna ɗaga kai sai ɗakin ya yi tsit, kamar an ɗauke wuta. Daƙiƙa uku, ko huɗu. Sannan surutu ya dawo.

"Ka ji?" in ji ta. "Kowa sai ya yi shi. Mai kuɗi da talaka, wanda ya yi karatu da wanda bai yi ba, wanda ma jan shi aka yi ya zo. Sau ɗari nake jin shi a yini, kuma har yau tsigar jikina tashi take yi. Ta ina zan gaji?"

Mun gode, Casilda Bermejo. Mun gode a madadin matar Zamora, da Don Evaristo, da dubban da suka wuce ta gabanki ba su san akwai mutum a wurin ba. Allah ya huta da gajiya, ya ba ƙafafun nan hutu a ƙauyenku na Soria, inda kika ce ƙanwarki ta tanadar miki ɗaki mai kallon gonar inabi.

Mu kuwa da muka rage, kowa yana da ƙuryar da aka tsayar da shi, ko a asibiti, ko a aji, ko a bakin ƙofa da laimar mutane. Mu tsaya a cikinta irin tsayuwar matar nan, ido a kan amanar da aka ba mu, ido a kan mutanen da ke gabanmu. In kuma Allah ya kai ku ɗakin gimbiya, bayan kun gama shirunku, ku waiwaya hagu. Wanda ke tsaye a ƙuryar yanzu sunansa Fermín, tsohon direban bas ne, makonsa na farko ke nan, ƙafafunsa ba su saba ba tukuna. Ku gaishe shi.